Garmar Gidan Ɗanlami

A watannin da masu kallon ƙwallon kwando a Abuja suka shafe suna gardama kan ko Timothy Zacharias zai zauna a ƙungiyar Shirwar Jabi ko zai tafi, akwai wani dattijo a Tungan Maje wanda amsar ta shafa fiye da kowa, kuma shi ne ya fi kowa ƙarancin magana a kanta. Sunansa Ɗanlami, wan mahaifin Timothy ne, shi ya raine shi. Bai taɓa kallon wasa guda daga farko har ƙarshe ba. An taɓa kai shi sau ɗaya, ya zauna a kan benci cikin ihun jama'a, da aka tafi hutun rabin lokaci sai ya ɗauka an tashi, ya fita ya nemi motar Zuba.

Ɗanlami Gbagyi ne. An haife shi a wani ƙauye da babu shi yanzu, a wajen da kasuwar Utako da tashoshin motocinta suka mamaye. Mahaifinsu ya rayu ya mutu a kan addinin kakanninsa. Ɗanlami ya musulunta yana saurayi ta hannun wani mai sayen doya da ke sauka a gidansu, ƙanensa Zacharias kuwa ya bi coci, kuma hakan bai hana su cin tuwo a kwano ɗaya ba. An tashe su daga ƙauyen lokacin da birni ya iso, suka matsa gaba suka sake gini, bayan ya yi aure aka sake tashinsu. A tsakanin tashin biyu ya yi aikin lebura a gine-ginen birnin, yana ɗaukar kankare a kwanon sarki. Shugaban leburorin yakan yi masa dariya domin a kafaɗa yake ɗora kwanon, ba a ka ba, kamar yadda mutanensu suke ɗaukar kaya tun fil azal. Bai taɓa sauya wa kwanon wuri ba, bai kuma taɓa mayar da dariyar ba.

Daga ƙarshe dangin mahaifiyarsa suka yanka masa gona a Tungan Maje, a gefen wata hanyar ƙasa da ke ratsawa daga babban titin Gwagwalada. A nan ya zauna. 'Ya'yan da Allah ya ba shi mata ne, duk sun yi aure nesa. Matarsa Lucy ta rasu. Zacharias ya rasu a hatsarin mota kusa da Zuba, ya bar yaro ƙarami, Ɗanlami ya ɗauko shi. Ƙanwarsu Azumi, da mijinta ya mutu, ta dawo gidan tana yi musu girki. Shekarun baya kaɗan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa Ɗanlami. Ya tashi, amma hannunsa na dama bai dawo ba, ƙafar kuma sai ya ja ta.

Wanda bai san yadda gona take tsayawa a hannun mai ita a gefen Abuja ba, ba zai gane abin da ya haɗa wannan dattijo da kwantiragin ɗan wasa ba, don haka dole a yi bayani. Gonakin mutanen nan ba su da takarda. Abin da suke da shi gayya ce. Idan ruwa ya ɗauke, ƙasa tana da sauran danshi, mazan unguwa sukan haɗu su bi gonakinsu ɗaya bayan ɗaya suna yin tulin doya, kowane gida ya kawo namiji guda da garmarsa. Amma aikin gayyar bai tsaya a kan noma ba. Duk ranar da baƙi suka sauka daga mota da abin awo da turakun siminti suka ce wani kamfani ya mallaki wurin, mazan gayya ne suke fitowa su jeru a kan iyaka, su je gaban dagaci su ce gonar wane ce, da hannunmu muka tula ta bana. Wannan shaida ba kullum take cin nasara ba, amma gonar da ba ta da ita ba ta taɓa kwana biyu.

Saboda haka gayyar take da doka guda da ba ta lanƙwasuwa: ba a biyan ta da kuɗi, ba a kuma turo ɗan ƙwadago a madadin gida. Sai jinin gidan. Wanda ya ji dokar daga nesa zai ce taurin kai ne na ƙauye, alhali hankali ne tsantsa. Da an yarda a biya, da mutanen birni da suka sayi filaye ta bayan fage sun biya, sun sayi shaidu tare da filin. Shaidar da ake saya kuwa, dagaci ba zai saurare ta ba, kuma ranar da ta faɗi a kan gona ɗaya ta faɗi a kan dukkansu. Mato, sarkin noman unguwar, ba ya iya jera wannan hujja kamar yadda aka jera ta a nan, amma ya san ta kamar yadda ya san ƙofar ɗakinsa.

Tun da hannun Ɗanlami ya shanye, Timothy ne garmar gidan.

Yaron ya yi tsawon da babu irinsa a danginsu. Wani malamin motsa jiki a makarantarsu ta Gwagwalada ya gan shi ya ba shi ƙwallo, daga nan hanya ta buɗe, har Shirwar Jabi ta ɗauke shi ya zama shi ne wanda ake sayen tikiti domin a gani. 'Yan kallo suna kiransa Dogo. Sa'ar da gidan ya yi ita ce gasar cikin gida tana ƙarewa kafin lokacin tuli, saboda haka kowace shekara yakan ajiye takalman wasa ya dawo Tungan Maje. Maƙeri ya yi masa garma mai doguwar ƙota don kada bayansa ya karye. Tulinsa bai taɓa kyau ba. Mato yakan bi layinsa yana cewa wannan ba tulin doya ba ne, kabarin kaza ne, kuma da a ce kwandon nan nasu a ƙasa ake ajiye shi da Dogo bai ci ko sisi ba. Timothy yakan ce Baba Mato ya zo filin wasa ya gwada tsalle guda a ga abin da zai rage na gwiwarsa. Ana dariya, ana aiki, ana kuma lissafa gidan Ɗanlami cikin masu garma. Abin da ake bukata ke nan.

Sai kwantiraginsa ya ƙare. Wata ƙungiya a Arewacin Afirka ta aiko tana nemansa, kuma gasarsu tana farawa daidai lokacin da ake tuli, ba ta ƙarewa sai doya ta yi ganye. Labarin ya cika gari. A tashar Jabi direbobi suka rabu biyu, masu cewa butulci ne ya bar ƙungiyar da ta fito da shi, da masu cewa wawa ne kaɗai ke zama a inuwar da ta fara gajarta. Masu shirin wasanni a rediyo suka mayar da shi abincin safe. Wani mai sayar da riguna a Utako ya rage wa masu lambar Dogo farashi, ya ce gara ya rabu da su tun suna da suna. Cikin duk masu maganar nan babu wanda ya san akwai gona a cikin lamarin.

Timothy ya sani. Kafin ya ce wa kowa komai ya je wajen Mato ya tambaya ko za a karɓi leburori biyar a madadinsa, ko goma, ya kuma ɗauki nauyin abinci da abin sha na gayyar gaba ɗaya. Mato ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce masa ko ɗari ya kawo ba su zama jinin gidan ba. Ya ƙara da cewa ba ƙiyayya ba ce. Shi kansa yana da ɗa a Legas da ya so ya yi haka aka hana shi.

Azumi ce ta kawo shawarar zuwa wajen mai ƙungiyar. A fahimtarta, da ta Mato, da ta Ɗanlami kansa, kowane yaro mai sana'a yana ƙarƙashin wani. Ɗan koyo yana da ubangida, lebura yana da shugaba, direba yana da mai mota. Idan kana son a riƙe maka yaro, ba yaron kake zuwa wa ba, babbansa kake zuwa wa da gaisuwa. Ta ce wa wanta ya tashi ya je, tun da dai zama ya zuba wa bango ido bai taɓa hana kowa tafiya ba. Ɗanlami bai ce shawarar ta yi ba, bai ce ba ta yi ba. Da safe ya sa rigarsa ta Juma'a. Aka zaɓi manyan doya daga rumbu aka ɗaure, Mato ya raka shi, suka shiga mota a Zuba.

Mai ƙungiyar, Alhaji Sadisu, ɗan kasuwa ne mai sayar da tayil da kayan gini, ofishinsa yana saman shagonsa a Jabi. Mutum ne mai fara'a, ya karɓe su da girmamawa, ya sa aka kawo musu ruwa mai sanyi, ya yaba doyar. Mato ne ya yi magana da Hausarsa ta kasuwa. Ya yi doguwar gaisuwa, ya yi godiya bisa riƙon da aka yi wa yaronsu, sannan ya ce sun zo roƙo ne, Oga ya taimaka kada ya sake shi.

Alhaji Sadisu ya dube su ɗaya bayan ɗaya, kamar yana neman wanda zai fara dariya a cikinsu. Da ya ga babu, sai ya gyara zama.

"Baba, ai ni ne mai roƙon. Wallahi ni nake bin sa. Kwantiragi ya ƙare, ba ni da iko da shi ko na anini."

Mato ya ce to wa aka miƙa wa shi, su je can.

"Ba a miƙa wa kowa shi ba. Babu mai shi yanzu. Shi ne ogan kansa."

Mato ya juya ya fassara wa Ɗanlami da yarensu, ko da yake Ɗanlami ya ji Hausar sarai. Mato ya sake tambaya ta wata fuska, ko akwai wata hukuma, ko kocin, ko wannan mutumin mai jaka da ke yawo da yaron. Alhaji ya ce mai jakar wakilinsa ne, Timothy ne ya ɗauke shi aiki, ba shi ya ɗauki Timothy ba. Daga nan sai ya juyar da roƙon kansu. Ya ce shi ya ƙara abin da zai iya ƙarawa, ba zai kai na waje ba, amma ya san yaron yana jin maganar gida, in Baba ya ce masa kalma ɗaya zai zauna. Ya ce a taimake shi, jama'a za su watse daga filin idan Dogo ya tafi. Da za su fita ya sa aka saka musu katan ɗin lemo a mota, ya ƙi barin su biya kuɗin komawa.

Haka suka je roƙo da doya, suka dawo an roƙe su da lemo. A hanya Mato ya yi ta jinjina al'amarin, yana cewa bai taɓa jin sana'ar da yaro ke kwana ba shi da babba ba, kuma duniyar da ta kai nan sai addu'a. Motar ta bi ta Utako ta tsaya a cunkoso kusa da kasuwa. Ɗanlami ya dubi waje ta taga na ɗan lokaci, ya ga masu turin baro da masu kiran fasinja, sannan ya mayar da idonsa kan bayan kujerar direba.

Timothy ya ji labarin zuwan nasu daga bakin Alhaji. Ya zo gida wata ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, ya sunkuya ya shigo ta ƙofar da ta yi masa kaɗan tun yana sakandare. Azumi ta zuba masa abinci tana yi masa tsiya, wai ta ji a rediyo an ce Larabawa za su saye shi, ko da awo za su biya ko da tsawo. Ya yi dariya kaɗan. Da ya gama ya fita wajen Ɗanlami, wanda ke zaune a kan kujera a gindin mangwaro yana murza igiya da hannu ɗaya, ya danne bakinta da ƙafa. Timothy ya zauna a ƙasa, duk da haka kansa ya kusa kai kafaɗar dattijon.

Ya yi bayani a tsanake. Ya ce ɗan wasa kamar doya ce a rumbu, tana da lokacinta, gwiwarsa ta hagu ta riga ta fara yi masa magana da safe. Ya ce irin wannan kira ba ya zuwa sau biyu. Ya ce kuma ya san abin da gonar take, ya san abin da zai biyo baya idan aka tsallake ta, ya yi ta juya abin har ya daina jin daɗin abinci. Sannan ya ce:

"Baba, da ka zo wajena, ba wajen Alhaji ba. In ka ce in zauna, na zauna. Ba zan taɓa tuna maka ba."

Ɗanlami ya ci gaba da murza igiyar. Azumi tana tsaye a bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu, ba ta ɓoye cewa saurare take ba.

"An ce mini kai ne ogan kanka," in ji Ɗanlami.

"Wannan maganar takarda ce, Baba. Ni kai nake tambaya."

"To na ji."

Timothy ya jira. Ya jira har inuwar mangwaron ta matsa daga kansu. Da ya ga babu ƙari sai ya tambayi yadda hannun yake, aka ce masa da sauƙi, ya tambayi ko maganin ya ƙare, aka ce da saura. Ya tashi ya kakkaɓe wandonsa. Bayan tafiyarsa Azumi ta zo ta tsaya a kan wanta ta ce kalma ɗaya aka nema a bakinsa, ɗaya tak, ko ta zama ko ta tafiya, shi kuma ya zauna kamar turmi. Ya ce mata ta kawo masa wuƙa ya yanke bakin igiyar.

A nan ya kamata a tsaya a auna, domin masu ba da irin wannan labari sun saba gaggawar yabo. Za su ce dattijo ya sadaukar da gonarsa don kada ya tare wa yaro hanya. Da haka ne, da ya faɗa. Mai sadaukarwa yana cewa tafi, na yafe, Allah ya tsare. Yana ɗauke nauyin daga kan wanda zai tafi ya ɗora wa kansa. Ɗanlami bai yi haka ba. Wasu kuma za su ce girman kai ne, babba ba ya roƙon ɗansa. Wannan ma bai cika ba, domin ba roƙo aka nema daga gare shi ba, umarni aka nema, kuma umarni hakkinsa ne da yaron ya miƙa masa da hannu biyu. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne wanda shi da kansa ya gaya wa Mato daga baya, cikin 'yan kalmomi. Ya ce lokacin da yaron yake jira, ya duba cikin ransa ya ga wanne yake so, bai tarar da komai ba. Ya san gonar za ta tafi idan yaron ya tafi, ya san haka kamar yadda mutum ya san gobe Litinin, amma sanin bai motsa masa komai ba.

Ba za a zarge shi da rashin ji ba, domin ba shi ya zaɓe shi ba. Wanda aka tasa daga gida sau biyu, ya binne mata da ƙane, ba a tambayarsa inda kukansa ya tafi. Amma rashin zargi ba ya mayar da shirun alheri. Timothy bai zo neman izini ba, izini yana hannunsa tun ranar da kwantiragin ya ƙare. Ya zo ne neman wanda zai kama masa gefe ɗaya na kayan. 'Yancin da masu rediyo suke yi masa murna a kai, ma'anarsa a aikace ita ce duk abin da ya biyo baya shi kaɗai ya jawo shi. Mutum guda ne a duniya zai iya rage masa wannan, shi kuwa sai ya mayar masa da kayan yadda ya kawo su.

Timothy ya sa hannu da ƙungiyar waje. Tashar Jabi ta yi kwana biyu tana zaginsa da yabonsa, sannan ta koma kan ƙwallon ƙafa. Ya zo sallama da kaya niƙi-niƙi, ya sayo wa Azumi sabuwar waya domin su riƙa ganin juna, ya durƙusa a gaban Ɗanlami, dattijon ya ɗora masa hannun hagu a ka ya ce Allah ya kiyaye hanya. Garmar mai doguwar ƙota tana jingine a bayan rumbu, babu wanda ya dube ta.

Da ruwa ya ɗauke aka sa ranar fara gayya. Da sassafe, mazan suna taruwa a gonar farko, sai ga Ɗanlami yana jan ƙafa, da tsohuwar garmarsa a kafaɗa. Mato ya tare shi ya tambaye shi ina zuwa. Ya ce gidansa ya kawo namiji. Mato ya dubi hannun da ke lilo a gefen rigar, amma doka ba ta ce namiji mai hannu biyu ba, ta ce jinin gidan. Ya nuna masa layi a gefe, inda ƙasar ta fi laushi.

Ga yadda ake aikin: kowa yana da layinsa daga wannan iyaka zuwa waccan, kuma ba a taɓa layin wani muddin garmarsa tana hannunsa. Idan ya ajiye ta a ƙasa ya koma gefe, sai 'yan'uwa su ƙarasa masa, amma ajiyewar tana nufin gidansa ya fita daga gayyar wannan shekara. An yi dokar ne domin malalata, ba a yi ta da tunanin mai hannu ɗaya ba.

Ɗanlami ya maƙale ƙotar a hammata, ya riƙa sara da hagu yana jawo ƙasar da ƙafarsa mai lafiya. Tuli ɗaya yana ɗaukar masa abin da wani zai yi biyar. Kafin rana ta take kowa ya kai iyaka, shi bai kai tsakiya ba. Matan gidan mai gonar suka kawo tuwo da kunu, da burkutu ga masu sha. Aka ci a gindin ɗorawa, ana satar kallonsa, babu mai tsokanar kowa. Aka kira shi ya ci, ya ce sai ya gama. La'asar ta yi kafin ya kai ƙarshen layin, mutane suna zaune suna jiransa domin ba a watsewa a bar garma a gona. A gona ta biyu haka aka yi, sai dai ya fi daɗewa, kuma wasu samari suka fara gunaguni a kan cewa suna da aikin acaba da yamma. Mato ya tsawata musu, amma shi ma ya san ƙasa tana bushewa, gonaki da yawa suna jira, kuma tafiyar da ake yi ba za ta kai su ƙarshe ba kafin ta yi tauri.

A gona ta uku, wajen tsakiyar layi, Ɗanlami ya tsaya. Bai faɗi ba, bai yi nishi ba. Ya dubi abin da ya rage na layin, ya dubi mutanen da ke zaune a inuwa, sannan ya zare ƙotar daga hammatarsa ya kwantar da garmar a ƙasa. Ya taka zuwa gindin itace ya zauna, ya karɓi kunun da aka miƙa masa ya sha. Samari uku suka tashi suka ƙarasa layin cikin ɗan lokaci.

Mato ya zo ya zauna kusa da shi.

"Ka san abin da ke nan, Ɗanlami."

"Na sani."

"In masu awo sun zo, ni zan fito. Ni kaɗai, a matsayin maƙwabci. Amma ba zan ce mun tula ta ba."

"Kada ka ce," in ji Ɗanlami.

Gayya ta bi gonakin unguwa ta tsallake tasa. Timothy yakan kira ta wayar Azumi, fuskarsa ta cika gilashin, bayansa wani ɗaki mai farin bango. Yakan tambayi gona, Azumi ta dubi wanta, shi kuma ya ce ana nan ana fama. Yaron bai taɓa matsawa da tambaya ta biyu ba, kuma mai hankali ya san dalilin.

Bayan an gama gayya Ɗanlami ya fara fita shi kaɗai da safe. Bai shiga tsakiyar gonar ba. Ya tsaya a bakinta, ta gefen hanyar da motoci ke bi, ya yi tuli layi biyu daga wannan kusurwa zuwa waccan, a hankali, har ƙasar ta ƙi karɓar garma. Azumi ta yanka iri ta bi shi tana sawa, ta rufe kowane tuli da busasshiyar ciyawa, ya kafa musu sanduna. Wanda ya wuce a mota zai ga gonar doya da ake kula da ita. Wanda ya sauka ya taka 'yan taku zai ga bayan layukan babu komai sai ciyawa har iyaka.

Azumi ta tambaye shi wa yake zaton zai ruɗa da wannan. Ya ce mai sauri. Ta ce in kuma wanda ya zo ba ya sauri fa. Ya ɗaga kafaɗarsa mai lafiya, ya miƙa mata garmar ta riƙe masa, suka kama hanyar gida.